TAKOBI GA ƊAN KOKOWA, TAFI GA ƊAN FASAHA: HAR YAUSHE?

Duk shekara, da zarar sanyi ya kankama, ƙasar nan kan ajiye komai ta fuskanci filin kokowa. Tun 1975 da aka buɗe gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, babu ƙauyen da bai san ƙa'idarta ba: a fara daga dandalin gari, a tace a gunduma, a sake tacewa a jaha, sannan kowace jaha ta aiko da gwanayenta goma. Rediyo na watsawa, ministoci na zaune, attajirai na zuba kuɗi. Yaron da aka haifa a ƙarshen daji ya san cewa in ƙarfinsa ya kai, babu wanda zai tambaye shi ɗan wane ne kafin a miƙa masa takobi.

Ba mu da ja da wannan. Kokowa gadonmu ce, kuma tana cikin ƴan abubuwan da ke haɗa Bazabarme da Bahaushe da Babarbare a inuwa guda. Tambayarmu dabam ce. Ƙasar da ta iya shimfiɗa tsani tun daga ƙauye har fadar shugaban ƙasa don ta gano mai ƙarfin damtse, me ya hana ta shimfiɗa irinsa don ta gano mai kaifin basira, wanda zai zana abu, ya ƙera shi, ya kuma fahimtar da jama'a amfaninsa? Shekaru hamsin muna zaɓen sarkin kokowa. A nuna mana shekara guda da ɗalibin Bonkuku ya san ranar da zai fito fili ya gwada ƙirarsa da ta ɗalibin Yamai.

Darasin da ke zube a gonakin Imanan

Bari mu ɗauki misali daga inda abin yake ciwo. Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge, ya wuce Balleyara, ya shiga Imanan a watannin sanyi, zai ga kwarin Dallol Boso kore shar a lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Ruwa a nan ba shi da nisa. A wurare da yawa mita kaɗan za ka tona ka same shi. Da wannan ni'ima ne mutanen Bonkuku da ƙauyukan da ke kewaye suka mai da dankalin turawa sana'ar rani, har sunan garin ya zama tambarin dankali a kasuwannin Yamai. Sana'a ce da ta tsai da samari da yawa a gida, waɗanda da can ba su da zaɓi sai ci-rani.

To amma kowa ya san yadda lissafin yake ƙarewa. Manomi ya sayi iri da tsada, mafi yawansa daga Turai aka kawo shi, sau da yawa kuma da bashi. Ya sayi taki, ya sayi mai na injin ban-ruwa. Girbi ya zo wa kowa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Mai bashi na bakin ƙofa, zafin bazara kuma na tafe, wanda kan haura digiri 40. Dankali ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a manta. Abu ne mai rai, yana numfashi, yana zubar da ruwan jikinsa. Zafi na motsar da shi, haske na mai da fatarsa kore ta yi ɗaci, tsutsa na huda shi, guda ɗaya in ya ruɓe ya ɓata buhu. Dole manomi ya sayar a farashin da dillali ya yanka. Bayan ƴan watanni, dankalin da ake shigowa da shi daga waje ya mamaye kasuwa da tsada, wanda ya noma kuwa ba shi da ko ƙwaya.

Wannan matsala ba ta ƙaddara ba ce, ta injiniya ce. Ana neman ɗaki mai duhu, mai shan iska, mai sanyi fiye da waje, wanda za a gina da abin da ke akwai, da kuɗin da ƙungiyar manoma za ta iya biya, a wurin da ba a dogara da wutar lantarki ba. Kuma ba daga sama za a fara ba. Manoman albasa na jahar Tawa suna da rudu. Wani malamin makaranta a Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi: ruwa na tashi da busasshiyar iska, yana tafiya da zafi, kayan miya na daɗewa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Bazararmu, da zafinta da bushewar iskarta, ita ce daidai yanayin da wannan dabara ke aiki. Yaya za a faɗaɗa ta daga tukunya zuwa ɗaki? Kaurin bango nawa? Ina za a sa kafar iska? Ruwa nawa za a sha a yini? Ga tambayar jarrabawa wadda ta fi duk wata da aka kwafo daga littafin Faransa, tana zube a gona, babu wanda ya ɗauka ya miƙa wa ɗalibai.

Mece ce gasar injiniya?

Kada a ɗauka biki muke nema. A inda aka ɗauki abin da gaske, gasar ɗalibai wani ɓangare ne na karatun kansa. A jami'ar MIT ta Amurka, tun shekarun 1970, malami Woodie Flowers ya shahara da ba kowane ɗalibi akwati guda na tarkace iri ɗaya, da aiki guda, da wa'adi guda, a ga wanda na'urarsa za ta cika aikin. A Japan, gidan talabijin na ƙasa NHK ya fara gasar mutum-mutumi ta kwalejojin fasaha a 1988, ana kallonta kamar yadda muke kallon kokowa. A nahiyarmu ma, Sidy Ndao ɗan Senegal ya kafa gasar PARC a Dakar don yaran Afirka.

Abu uku ake aunawa. Na farko tsari: ka zana abin da za ka yi tun kafin ka taɓa guduma, ka lissafta kuɗinsa da ƙarfinsa, ka faɗi dalilin da ya sa ka zaɓi wannan hanya ka bar waccan. Na biyu warware matsala: ka ƙera, ya lalace, ka gano inda kuskure yake, ka gyara, cikin ƙarancin lokaci da ƙarancin kaya. Na uku bayani: ka tsaya gaban mutane ka fahimtar da su, ka amsa tambayar da ba ka shirya mata ba. Waɗannan uku su ne aikin injiniya gaba ɗaya, kuma su ne ainihin abin da lakwal ɗinmu ba ta koyarwa. Mun gaji tsarin da yaro ke haddace darasi da harshen da ba a yi da shi a gidansu, ya amayar da shi ranar jarrabawa, ya karɓi takarda, ya shiga layin jiran aikin gwamnati. A cikin wannan tsari kuskure abin kunya ne da bulala. A wurin injiniya kuwa kuskure shi ne babban malami.

Gasar otel

Za a ce mana ai akwai gasa. Ba mu ce babu ba. Akwai e-Takara ta fannin kwamfuta da sadarwa, akwai waɗanda cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ke shiryawa a Yamai, kuma cikin waɗanda suka fito akwai haziƙai na gaske. Abdou Maman Kané, wanda ya ƙirƙiro hanyar kunna ban-ruwa da kashe shi ta wayar salula, ya karɓi babbar lambar Hassan II ta ruwa a 2015. Ɗan ƙasar nan ne, abin alfaharinmu ne. Sai dai tsuntsu guda ba ya zama garke.

Na taɓa zama a ɗakin taron wani otel ina kallon irin wannan biki, ba zan faɗi sunan masu shi ba. Sanyin na'ura na kaɗawa, samari cikin kwat suna nuna hotuna a bango, kowane yana da minti biyar ya yi bayani da Faransanci mai gauraye da Turancin Ingilishi. Kusan rabinsu sun ce manomi suka zo ceta. Na duba ɗakin nan daga gaba har baya, ban ga manomi ko guda ba. Aka miƙa wata ƙatuwar takardar banki ta kwali, aka ɗauki hoto, aka ci nama, aka watse. Babu wanda ya sanya ranar da za a koma a ga ko abin ya yi aiki.

Aibin irin wannan gasa uku ne. Tana auna iya magana fiye da iya aiki. Matsalar da take warwarewa mai ba da kuɗi ne ya zaɓe ta, bana wannan, baɗi waccan, gwargwadon abin da ake yayi a Turai. Sannan ƙofarta a Yamai take: sai mai kwamfuta, mai intanet, mai ɗan'uwa da ya ji sanarwa. Filinge kusan kilomita 180 ce kawai daga babban birni, amma ga ɗalibin Imanan ko na Kurfai, wannan ɗakin taro ya fi Makka nisa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da Shikal ta koya mana, muka manta

Wanda ke tsammanin karkarar Filinge ba wurin fasaha ba ce, bai san tarihinta ba. A Tukunus ne aka shafe shekaru ana zaɓen irin shanun Azawak har suka yi suna a Afirka ta Yamma. A Shikal kuwa, cikin ƙasar Kurfai, a 1980, ƙarƙashin shirin Tapis Vert, ƙungiyar Development Workshop ta fara gwada gini ba tare da itace ba: rufin baka da ƙubba na tubalin ƙasa zalla, dabarar da aka ɗauko daga magina na kudancin Masar, babu azara, babu kwano, babu siminti. Dalili a fili yake, itacen rufi yana ƙarewa. Magina na karkara suka koya, suka koyar, dabarar ta bazu zuwa wasu sassan Nijar da Mali da Burkina Faso. A 1986 kuma masallacin Yama na jahar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine. A 2018 Mariam Issoufou da abokiyar aikinta suka kammala ginin Hikma a Dandaji da tubalin ƙasa, duniya ta yaba.

Yanzu a riƙe wannan a hannu guda, a dubi ɗayan. Ranar 13 ga Afrilu 2021, wuta ta tashi a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a Yamai, yara 20 ko fiye suka ƙone. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, aka sake a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Hukuma da bakinta ta ƙidaya azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Shekara 41 bayan an nuna a Shikal cewa ƙasar da muke takawa ta isa ta yi bango ta yi rufi, ƴaƴanmu suna karatu cikin abin hura wuta. Ba mu ce ƙubbar ƙasa ita ce maganin komai ba. Tana son gwanin magini, tana son yaɓe da kulawa kafin kowace damina. To wannan ai shi ne aikin da za a ba ɗalibai: ga aji na yara 50, ga iyakar kuɗi, a zana mana wanda ba ya cin wuta, ba ya yoyo, ba ya dafa yara da zafi. Da an yi shekara goma ana wannan gasa a kowace jaha, da yau muna da zane ɗari da aka gwada, da magina dubu da suka saba da su.

Haka muka yi da Abdou Moumouni Dioffo. Mutumin da ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka tun 1964, yana kiran a haɗa karatu da aikin hannu, a kuma koyar da harsunan gida; wanda ya jagoranci ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, ana ƙera tukunyar dafuwa da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da rana a nan Yamai. Ya rasu a 1991, muka sa wa jami'a sunansa a 1992, muka koma sayen faranti da batir daga Sin. A watan Agusta 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha, sai muka tuna Allah ya ba mu rana. Mun iya raɗa wa gini sunan gwani. Renon magajinsa ne ya gagare mu.

Uzurorin da muka gaji da ji

Na farko: babu kuɗi. Gasar da muke magana ba ta bukatar otel. Tana bukatar filin makaranta, ƙarfe da bututu da waya na ƴan jikkuna ga kowace ƙungiya, kuɗin mota da abinci. A kwatanta da abin da taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ke lashewa a kuɗin zama da na mai. Akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa musamman don koyon sana'a. Ƙasar da ke haƙo uraniyom a Arlit tun 1971, take tace mai a Damagaram tun 2011, ba za ta ce kuɗin akwatin tarkace ya fi ƙarfinta ba.

Na biyu: babu tsaro. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba mutanen jahar Tilaberi za a koya wa ita ba. An rufe ɗaruruwan makarantu a jahar cikin shekarun nan, an binne sojoji da fararen hula. Amma wa ƴan bindiga ke ɗauka? Saurayin da ya bar lakwal ba takarda ba sana'a, wanda ba a taɓa kiran sunansa a bainar jama'a don wani abin kirki da ya yi ba. Rashin tsaro bai hana a yi kokowa ba. In ana iya tsare fili don a ga wanda zai ka da wani, ana iya tsare shi don a ga wanda zai ta da ruwa.

Na uku: yaranmu ko karatu ba su iya ba, balle ƙira. Mai wannan magana bai taɓa tsayawa ya kalli yaro yana ƙera mota da gwangwani da kara ba, bai kuma shiga rumfar mai walda ko mai gyaran injin ban-ruwa ranar Lahadi a kasuwar Balleyara ba. Basira tana nan. Lakwal ce ba ta da ma'aunin auna ta. Sau da yawa ma yaron da lissafi ya gagara a kan allo, ranar da ya bukaci sanin ruwa nawa bututu zai ɗauka, ranar yake gane amfanin lissafi.

Abin da muke nema

Muna neman gasar ƙasa ta ɗalibai masu fasaha, da doka ta kafa, mai ranar da kowa ya sani, mai tsani irin na kokowa: daga komin zuwa gunduma, zuwa jaha, zuwa ƙasa, tana zagaya jahohi takwas. Muna kuma da sharuɗɗa, don kada a karɓi shawarar a mai da ita wani sabon bikin cin nama.

Matsalar kowace shekara daga jama'a za ta fito. Manoman Imanan su ce ajiyar dankali ko rijiyar da yashi ke rufewa. Makiyayan Kurfai su ce adana nono. Mata su ce murhu ko ɗaukar ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kowace ƙungiya ta haɗa ɗalibin lise ko na cibiyar koyon sana'a, da ɗalibin EMIG ko na jami'a, da yaron maƙeri ko na magini wanda bai taɓa shiga aji ba, kuma kada a karɓi ƙungiyar da babu mace a cikinta. Jami'ar Tilaberi da aka kafa a 2014, da lise ta fasaha ta Maraɗi, da EMAIR ta Agadas, su ba da malamai masu sa ido. Ta haka mai takarda zai koyi girmama mai guduma, mai guduma ya koyi amfanin zane.

A ƙayyade kuɗin da za a kashe, kayan aiki kuma su zama waɗanda ake samu a kasuwar yankin, don kada ɗan mai kuɗi ya sayi nasara, kuma don abin in ya lalace a gyara shi a gida.

Bayani a yi shi sau biyu: a rubuce, da zane da lissafi, gaban injiniyoyi; sannan da baki, a dandali, da harshen masu matsalar. Kundin da aka kafa a watan Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. Madalla, amma a Imanan ana Zabarmanci, ana Tamajak, ana Hausa, kuma ɗalibin da ya kasa fahimtar da tsohuwa mai lambu da harshenta yadda na'urarsa ke aiki, bai gama fahimtar na'urar ba shi kansa. Rabin maki a hannun waɗannan alƙalai za ya kasance.

Kada a ba da babbar kyauta ranar gasa. A bar abin a gona ko a makaranta, ya sha bazara guda da damina guda. A auna buhu nawa aka zuba, nawa suka fito lafiya. Wanda aikinsa ya tsaya, shi ne sarki. Kyautarsa kuwa ta zama kuɗin karatu, da kayan aiki, da kwangilar gwamnati ta farko. A buga zanen a raba kyauta, a buga lissafin kuɗin gasar a jarida, kowa ya gani.

Tun daga Taron Ƙasa na 1991 zuwa yau, babu gwamnatin da ta zo, ta farar hula ko ta soja, da ba ta rantse da matasa da dogaro da kai ba. Yau kalmar da ke bakin kowa ita ce ƴancin kai. To ƴancin kai ba a maci kaɗai ake samunsa ba. Ƙasar da ba ta iya adana dankalin da ta noma, ba ta iya rufa wa ƴaƴanta aji, ba ta iya gyara famfonta sai an kira baƙo, ko ta kori wannan ubangida, wani za ta nema. Injiniyan da zai riƙe ma'adinanmu da madatsar Kandaji nan da shekara ashirin, yau yana aji shida a wani ƙauye, wataƙila cikin zana, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ministocin ilimi da na koyon sana'a, ga hukumomin Filinge da na Imanan, ga sarakuna, ga ƴaƴan yankin da ke manyan kujeru a Yamai: ba sai kun jira kowa ba. Filin makaranta guda a Bonkuku, ƙungiya goma, matsala guda, girbi guda, sun isa a fara. Magabata sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mutanen Dallol sun tona sun samu. Saura ku.